Yadda Magini Ya So Ya Miƙar da Kyanwar Surukarsa

To, ku gyara zama, ga ta nan tafe gare ku da ƙafa huɗu, ko da yake ba a miƙe take tafiya ba.

An yi wani magini a wata unguwa, wanda Allah ya ba shi hannu daidai gwargwado, baki kuwa ya ba shi har ya yi yawa. In ya ɗora bulo ɗaya, sai ya ba da labarin goma. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, mutanen unguwa kuma suka karɓa, don sun lura in ka kira shi da sunan yakan rage maka tsawon labari. Cikin kayan aikinsa babu abin da yake ji da shi kamar wata sandar awo ta ƙarfe, mai ɗan kumfa a cikin ruwa a tsakiyarta. In aka ɗora ta a kan gini, kumfan ya tsaya cif a tsakiya, to gini ya miƙe. Ba ya rabuwa da ita ko wurin gaisuwa. Kafin a kawo masa ruwan sha ya riga ya auna teburin masu gida ya gaya musu ya karkata.

Abu guda ne ya tsaya masa a rai. Surukarsa, wadda kowa ke kira Inna, tana da gida a bayan layinsu, katangar gidan kuma ta daɗe da jingina kamar mai gyangyaɗi. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Af, ba nan ne gidan surukar Injiniya ba?" Maganar nan tana ci masa tuwo a ƙwarya. Ya sha aika matarsa ta roƙa a ba shi aikin ya rushe ya sake, Inna kullum amsarta ɗaya, tana tunani.

Ita Innar tana da kyanwa fara mai baƙin kunne ɗaya, tana kiranta Auta. Matar Injiniya ce autar Inna ta haihuwa, amma tun ranar da kyanwar ta shigo gidan aka sauke ta daga muƙamin ba tare da shawara ba. Auta ta zo duniya da wata larura a ƙwaƙwalwa: kanta a karkace yake zuwa hagu, in tana tafiya kuma sai ta riƙa tangaɗi kamar wadda ta sauko daga lilo. Likitan dabbobi ya ce abin ba ya mata ciwo, ba ya kuma warkewa, haka za ta yi rayuwarta. Da girma ya fara kama ta sai ciwon suga ya zo ya ƙaru a kai. Aka ɗora ta a kan allurar insulin, safe da yamma.

Ana nan sai babbar 'yar Inna ta haihu a wani gari, tafiya ta kama dole. Inna ta iso gidan Injiniya da kyanwa a kwando, da 'yar kwalbar ruwan allura a cikin ƙanƙara, da sirinji, da buhun abincin da likita ya ba da, wasu 'yan ƙwayoyi ne mulmulallu kamar tsakuwa, da kuma kwalbar zuma. Ta zaunar da 'yarta ta shiga karanto mata.

"Kwalbar nan a firji take kwana. Sai Auta ta ci abinci, kin gani da idonki ta ci, sannan allura. In ba ta ci ba, babu allura, ko da kuka take miki. Tangaɗinta kuwa kada ya dame ki, lafiyarta ke nan. Ranar da kika ga ta yi laushi, ta kwanta shiru ba ta ɗaga kai, to suga ne ya faɗi. Ki lakato zumar nan ki shafa mata a dasashi, ki ruga wurin likita."

Injiniya yana durƙushe daga bakin ƙofa, kai a sunkuye kamar mutumin kirki. Ya yi ta danne bakinsa, bakin ya ƙi dannuwa.

"Inna, Allah ya ƙara girma, wannan ai ƙaramin aiki ne. Ni da na ɗaga bene hawa uku..."

"Hawa biyu ne," in ji matarsa. "Na ukun tankin ruwa ne."

"Tanki ba a iska yake zaune ba. Inna, ki tafi hankalinki kwance. Kafin ki dawo za ki tarar da ita a miƙe sambal."

Inna ta dube shi ta saman gilashinta. "Ɗan nan, ban ce ka miƙar mini da kowa ba. In na dawo na same ta yadda na bar ta, sai mu yi maganar katanga."

Cikin duk maganar nan, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Injiniya ta zauna: katanga.

Washegari da safe Auta ta ci abincinta, tana ci kai yana kaɗawa, rabi a baki rabi a ƙasa. Matar ta ɗauko kwalba daga firji. Injiniya ya miƙo hannu.

"Kawo nan. Aikin awo ne, ba na mata ba."

Ya karɓa ya fara girgiza ta kamar mai neman tayar da aljani.

"Kai, Maigida! Ba a girgizawa, a tafin hannu ake murza ta a hankali."

"Duk abin da ba a cakuɗa ba ai ba ya kamawa. Tambayi siminti."

"In siminti ya kamu da ciwon suga sai ka yi masa yadda kake so."

Ta ƙwace, ta murza, ta zuƙo daidai inda likita ya nuna, ta ba shi sirinjin don a zauna lafiya. Ta nuna masa yadda ake tattaro fatar dokin wuya a ɗaga ta. Injiniya ya tattaro fata, ya ɗaga allura, ya tsaya yana jiran kan Auta ya daina motsi. Kan Auta kuwa bai taɓa dainawa ba tun da aka haife ta. Ya jira, ya jira, haƙurinsa ya ƙare, ya runtse ido ya soka. Allura ta shiga fata ta nan, ta ɓulla ta can, ta sauka a babban yatsansa. Shi kuma ya danna.

Ihun da ya yi har tela na gidan kusa sai da ya saki almakashi ya shigo a guje.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

"Ni ne, saura kaɗan!" in ji Injiniya, yana riƙe da yatsa. "Sugana ya faɗi! Ina jin sa yana sauka, ga shi nan ya kai gwiwa!"

"Ɗigon da aka auna wa kyanwa ne zai ka da ƙato kamarka?" in ji matar.

Bai saurare ta ba. Ya rarumi kwalbar zumar Inna, ya tuna an ce a dasashi ake shafawa, ya shafa. Ya ji daɗi, ya ƙara shafawa. Daga nan ya ga dasashi ya yi nisa da inda matsalar take, ya kafa kwalbar a baki. Kafin matar ta gama buga wa likita waya, har ya sa yatsa yana suɗe gindin kwalba.

Likita ya ce kada a sake yi wa kyanwar wata allura, tun da ba a san nawa ya shige ta ba, a bari sai ta yamma. Game da maigidan kuwa, ya ce a ba shi abinci ya ci, kuma a ɗauke sirinji daga inda hannunsa zai kai.

"Ka ji ko?" in ji matar. "Kuma zumar Inna, yau ɗin nan ka sayo wata."

"Zuma ai ba abin da za a tuna wa mutum ba ne."

Tun daga ranar matar ce ke yin allura, shi kuma yana tsaye a kanta yana cewa ta ɗan yi dama. Zuma kuwa kullum gobe.

Labari ya riga shi isa bakin titi. Da ya fito, tela yana kan kekensa a ƙofar shago, mai shagon kusa kuma yana jingine da kantarsa.

"Injiniya, ya jikin? Sugan ya taso daga gwiwar?"

"Ku yi dariyarku. Ni na gano abin da likita bai gano ba."

"Wato ɗanɗanon zuma," in ji mai shago.

"Kyanwar nan ba ciwo ne da ita ba, rashin daidaito ne. Nauyinta ya rinjaya hagu. Ko rumfa ce ta rinjaya gefe, me ake yi? A ɗaura mata nauyi a ɗaya gefen."

Ya koma gida ya ɗaura wa Auta wani ɗan guntun ƙarfe a wuya ta dama. Auta ta yi taku biyu, ƙarfen ya zagayo ya koma hagu, ta zauna ta zuba masa ido da karkataccen kanta, kallon da ya fi zagi ciwo. Matar ta zo ta kwance, ta jefa masa abinsa a cinya.

Bai karaya ba. Ya je ya sami tela a asirce.

"Takalma nake so ka ɗinka mini. Guda biyu, ƙanana, masu tudu."

"Na wa?"

"Na ƙafafun hagu."

Tela ya cire gilashi ya goge, ya mayar. "Injiniya, na ɗinka wa amare, na ɗinka wa 'yan makaranta, har rigar kujera na ɗinka. Kyanwa dai ban taɓa aunawa ba."

"To yau ka shiga tarihi ta dalilina."

Tela ya ɗinka, don ba ya son a ba shi labarin abin da zai iya gani da idonsa. Aka sa wa Auta takalma. Ta ɗaga ƙafar gaba ta yarfe, takalmi ya tashi ya faɗa kofin shayin Injiniya. Ta yarfe ta baya, wancan ya bi ta taga, har yau ba a san inda ya sauka ba. Tela ya yi dariya har sai da ya riƙe bango.

"Kuskurena ɗaya ne," in ji Injiniya, yana tsamo takalmi daga shayi. "Na tsaya gyaran bango. Gini in ya karkata, wawa ne ke dukan bango. Tushe ake gyarawa."

Rannan matar ta tafi kasuwa. Da ta dawo ta buɗe ƙofar falo, ta sa ƙafa, sai ta ji ƙasa ta gudu daga ƙarƙashinta. Ta yi taga-taga ta kama labule. Kayan miyan da ke hannunta suka zube, suka gangara a jere zuwa bango ɗaya kamar an kira su.

Injiniya ya jera bulo a gindin bango guda, ya shimfiɗa katakai daga kansu zuwa ɗaya bangon, ya buga ƙusa. Falo gaba ɗaya ya zama gangare. Kujeru sun taru a ƙasa sun haɗa kai kamar masu gulma. Shi kuma yana tsaye a sama, guduma a hannu, ƙafa ɗaya a lanƙwashe.

"Maigida, me ka yi wa ɗakina?"

"Na ɗaga mata hagu. In ta rinjaya, ƙasa ta tare ta. Kwana kaɗan jiki zai saba, kai ya bi jiki."

"In ta juyo fa? Hagunta ai ya koma ɗaya gefen."

Wannan bai zo wa Injiniya ba. Amma mai baki ba ya rasa ƙofar fita.

"Sai a koya mata tafiya ta hanya ɗaya. Mota ma ai hannu ɗaya take bi."

Aka kawo Auta aka ajiye a kan sabon tushe. Ta shinshina katako, ta yi tangaɗinta na kullum, ta gangara can ƙasa inda kujeru suke, ta hau ɗaya ta yi barci. Injiniya ya ce sabon gini sai ya zauna tukuna. Tela ya leƙo ganin ido, ya zauna a kan wani ɗan benci daga sama, kafin ya gama sallama ya iso ƙasa.

Matar ta ce ta ji ta gani, falo nasa ne, ya mai da shi rijiya ma in ya so. Amma abinci da allura a ɗakin girki za a riƙa yi, a ƙasa mai hankali, a gaban idonta. Injiniya ya yi ta ƙorafi cewa ita ce ke warware masa aiki: shi ya miƙar da yini, ita ta karkatar da safe da yamma.

Ana cikin haka Inna ta bugo waya, ta ce gobe da safe tana hanya, a zo tasha a tarye ta da kaya. Injiniya ya duba: ga Inna tafe, ga Auta a karkace kamar ranar da aka kawo ta, ga shi ya cika wa unguwa baki.

Da gari ya waye matar ta yi shiri da wuri, lokacin abincin Auta bai yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jan ƙafa.

"Ko in jira in yi mata kafin in tafi?"

"Ki bar Inna tsaye a tasha da kaya? Je ki. Na yi ta gwadawa a jikin matashin kai, hannuna ya faɗa."

"Shi ya sa matashin ke jiƙe. To ka ji: sai ta ci. Ka tsaya ka gani da idonka."

"Idon da ke hango karkatar bene daga nesa ne zai kasa ganin kyanwa na cin abinci?"

Tana fita ya ce yau dai aiki zai tafi bisa tsari, babu mai warware masa. Ya ɗauko farantin Auta daga ɗakin girki, ya kai falo, ya buga masa ƙusa a tsakiyar gangare don kada ya zame. Ya zuba ƙwayoyin abinci, ya ajiye Auta a gabansa. Sai ya tuna babban aiki ba ya kyau babu 'yan kallo. Ya fita ya bi gida gida yana sanarwa cewa duk mai son ganin abin da ya gagari likita ya zo falonsa da hantsi, a gaban Inna za a buɗe aiki.

Farantin dai ya kafu, ƙusa ta yi aikinta. Amma ba a buga wa ƙwayoyin ƙusa ba. Auta ta kai baki, kanta ya kaɗa ya bugi gefen faranti, ƙwayoyi suka yi tsalle suka bi gangare, gar-gar-gar, suka zurara ta wata 'yar kafa da ke tsakanin katako da bango. Ta sake kai baki, sauran suka bi 'yan'uwansu. Ko ɗaya ba ta shiga cikinta ba.

Injiniya ya dawo ya tarar da faranti fes kamar an wanke.

"Ka ga aikin tushe! Har cin abincinta ya ƙaru."

Auta tana can ƙasa tana kuka tana tona bakin kafar da farce. Ya ce tana duba ingancin aiki ne. Ya ɗauko kwalba, ya murza a tafin hannu yadda aka koya masa, ya zuƙo daidai, ya tattaro fata, ya janye yatsansa can nesa, ya soka. Wannan karon kam allura ta shiga inda ya kamata, ba a taɓa yin mai kyanta ba. Ya yi baƙin cikin babu wanda ya gani.

Da hantsi ya ɗaga mutane suka fara shigowa. Tela, da mai shago, da matan layi, da wasu da ba a ma gayyata ba. Kowa ya shigo sai ya yi taga-taga, ya nemi kafaɗar na kusa ya riƙe. Injiniya ya kafa wani ɗan tebur a tsakiya, ya sa masa ƙafa ta ƙarƙashi har ya daidaita, ya je ɗauko Auta.

Ya same ta kwance. Da ya ɗaga ta sai ya ji ta yi laushi kamar tsumma. Ya ɗora ta a tebur, ta baje a kan cikinta, ta kwantar da haɓa a katako, ba motsi, ba tangaɗi. Kunnuwan nan biyu, fari da baƙi, suka tsaya kai ɗaya.

Murna ta kama Injiniya. Ya zaro sandar awo ya ɗora a hankali a kan kunnuwanta. Kumfa ya yi ɗan yawo, ya dawo, ya tsaya cif a tsakiya.

"Jama'a, ku matso! Ku duba da idonku! Likita ya ce ba ta miƙuwa. To ga ta nan!"

Aka yi ta leƙe ana salati. Tela ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Injiniya, anya miƙewa ce wannan? Ni fa kamar suma nake gani."

"Kai da ka kasa ɗinka takalmin da zai zauna a ƙafa, kai ne za ka koya mini awo? Kumfa ba ya ƙarya."

Daidai nan aka yi sallama. Inna ce a bakin ƙofa, 'yarta a bayanta da jaka a ka. Ta tsaya ta dubi falon: ɗaki cike da mutane, manya da ƙanana, kowa a karkace, kyanwarta kaɗai ce a miƙe.

"Inna, sannu da hanya," in ji Injiniya, ya durƙusa, ya ɗan zame. "Ga alkawari na cika."

Tsohuwar da ke hawa matakala da addu'a, sai ga ta ta haye gangaren nan kamar akuya. Ta ture sandar awo, ta ɗaga kan Auta, ta saki, kan ya koma ya kwanta.

"Ta ci abinci kafin allura?"

"Tas, Inna. Ko ƙwaya ba ta bari ba."

"Ka gani da idonka?"

"Wato... na ga farantin."

"Zuma! Ku ba ni zuma!"

Matar ta jefar da jaka ta ruga ɗakin girki, ta dawo da kwalba, ta kife ta a gaban jama'a. Ko ƙuda ba zai samu na karin kumallo ba. Ido ya koma kan Injiniya gaba ɗaya.

"Ai shi ya shanye," in ji tela. "Ranar da sugansa ya kai gwiwa."

"Akwai a shagona!" in ji mai shago, ya yunƙura zai fita.

Mutane suka dare don su ba shi hanya, duk suka koma gefen sama a lokaci guda. Bulon da ke ƙarƙashi, waɗanda Injiniya ya jera ba siminti don sauri, suka ce su kam sun gaji. Aka ji ƙaƙaƙas, sannan rugum! Katakai suka rufta, jama'a suka zube a kan juna, wani katako ya ɗago ya maki Injiniya a gefen wuya ya zaunar da shi a cikin ramin da ya buɗe. Inna kaɗai ce a tsaye, don ta riga ta rungume Auta ta jingina da ƙofa.

Da ƙura ta lafa sai aka ga inda Injiniya yake zaune. Ƙwayoyin abincin Auta ne tsibi guda a ƙarƙashinsa, ba wadda ta yi ciwon kai.

"Ga karin kumallon nan," in ji matarsa. "Tushe ne ya cinye."

Babu wanda ya yi dariya, don Auta ba ta motsi. Mai shago ya dawo da zuma yana haki. Inna ta zauna a dokin ƙofa, ta lakato zuma da ɗan yatsa, ta ɗaga leɓen kyanwar ta shafa a dasashi, ta sake shafawa, tana kiranta ƙasa-ƙasa, "Auta. Autata. Ke, Auta." Injiniya, wanda tun da aka san shi ba a taɓa jin shirunsa ba, yana cikin rami yana motsa baki, addu'a yake yi.

Can sai baƙin kunnen ya motsa. Harshe ya fito ya lashi zuma. Ido ya buɗe. Sannan kan nan ya ɗago a hankali, yana rawa, ya tafi, ya tafi, ya kwanta a hagu.

"Ta karkace!" in ji tela. "Jama'a, ta karkace!"

"Alhamdu lillahi, ta karkace!"

Aka ɗauka da tafi, mata suna rungumar juna, mai shago yana share hawaye da gefen riga. Ba a taɓa murnar karkacewar wani abu a unguwar nan kamar ta ranar ba. Nan da nan aka tsayar da mota, Inna da 'yarta suka wuce da Auta wurin likita. Ya riƙe ta har la'asar yana auna jininta, ya ba ta abinci ta ci, ya ce an yi sa'a, an kuma yi sauri.

Da yamma Injiniya ya je gidan Inna ba da haƙuri. Tela ya raka shi, wai don kada ya faɗi a hanya. Wuyan da katako ya maka ya sanƙare, kansa ya kwanta a kafaɗa, ba ya iya ɗaga shi. Ya durƙusa a bakin ƙofa. Auta tana cinyar Inna, ta dube shi a karkace, shi ma ya dube ta a karkace.

"Inna, na yi kuskure. A yafe mini."

"Na yafe, ɗan nan. Allah ya tsare gaba. Ka sa a murza maka wuyan nan."

Ya ga fuska a sake, sai bakin ya motsa da kansa. "To, Inna... maganar katanga fa?"

Inna ta shafa bayan Auta, ta dubi katangarta da ke jingine can cikin hasken yamma.

"Katangar nan tun mahaifin matarka yana da rai take a haka, ba ta taɓa faɗo wa kowa ba. Yau kuma na ga yadda abu yake zama in ka miƙar da shi. Bar mini ita a karkace."

Suka fito. Suka bi ta gefen gidan har suka zo daidai katangar. Injiniya ya tsaya, da yake kansa a kwance yake, sai ya ga kamar ta miƙe. Ya ja hannun tela.

"Amma dai tsakani da Allah, kumfan ya tsaya a tsakiya. Kai shaida ne."

"Ni shaida ne," in ji tela. "Mu je ka kwashe katakai, matarka ta ce ba za ka ci abinci ba sai ta ga ƙasan falonta da idonta."

Ƙurunƙus. Kan ɓera kuwa kada ku jira shi a wannan tatsuniya, Auta ba ta taɓa kama ko ɗaya ba.